Sai Alat Ya Shigo: Abin da Ke Sa Asusun Waya Ya Karɓu a Kasuwanninmu

Wanda ke son sanin dalilin da ya sa wani asusun waya ya karɓu wani kuma ya kwanta, to ya bar kallon mai biya, ya dubi mai karɓar kuɗi. Mai saye zai iya sauke manhaja biyar a wayarsa, amma a gaban mai shago guda ɗaya ce za ta yi masa rana, wato wadda mai shagon ya tabbata zai ga kuɗinta kafin a gama ƙulle kaya a leda. Shi ya sa a kasuwannin Kano irin su Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, kai har wurin mai shayi da mai tsire, za ka ga kwali a liƙe da lamba goma da sunan OPay ko Moniepoint ko PalmPay. A ganina wannan kwalin ya kawo wa kamfanonin nan jama'a fiye da tallan rediyo da garaɓasar da suke rabawa.

Ba yau aka fara ƙoƙarin raba mutane da tsabar kuɗi ba. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fara tsarin taƙaita hada-hada da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya shigar da Kano a 2013. Aka yi ta wa'azi kusan shekara goma, 'yan kasuwa suna saurare suna ƙirga kuɗinsu suna ɗaurewa da roba. A Kenya kuwa tun 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, ta bazu har ƙauye, domin masu sayar da katin waya su ne suka zama wuraren saka kuɗi da cirewa. Najeriya ba ta bi wannan hanya ba. Kamfanonin waya ba su samu ƙofa ba sai da aka fitar da ƙa'idojin 2018, kuma MoMo na MTN da SmartCash na Airtel ba su fara aiki a matsayin bankunan biyan kuɗi ba sai 2022. Kafin su iso, OPay da ta fara a 2018 da PalmPay da ta biyo baya a 2019 sun riga sun kafa turaku. PalmPay ma tana da gata na daban: tana da alaƙa da Transsion, masu ƙera Tecno da Infinix da itel, saboda haka sau da yawa mutum zai ɓare sabuwar waya daga kwali ya tarar da manhajar tana jiransa a ciki.

Abin da wa'azi ya kasa, wahala ta yi shi cikin wata biyu. A Oktoban 2022 gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki, mutane sun kwana a layin ATM, masu POS a wasu wuraren suna karɓar dubu ɗaya ko biyu a kan kowace dubu goma. Manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar cunkoson, kana tura kuɗi da safe su isa da dare ko su maƙale a hanya. Na kamfanonin asusun waya suka fi juriya. A makonnin nan ne mai kayan miya da ɗan adaidaita da mai wankin hula suka buɗe asusu, ba don sha'awa ba.

Sai dai wahala kai mutum bakin ƙofa kawai take yi, ba ta zaunar da shi. Ga eNaira nan shaida. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita ranar 25 ga Oktoban 2021, tana da goyon bayan Babban Banki kacokan, daga baya aka yi mata lambar *997# don masu ƙananan wayoyi. Tana nan lokacin da ake neman naira ɗari biyar ido rufe, amma ba ita jama'a suka ruga wa ba. Wani nazari na asusun ba da lamuni na duniya, IMF, da ya fito a 2023 ya nuna cewa mafi yawan waɗanda suka sauke ta ba sa taɓa ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da farko sai mai asusun banki ke iya buɗe ta, ga shi dole wanda za ka biya shi ma ya kasance yana da ita, babu kuma mai shagon da ya rubuta ta a kwali. Kuɗin da ba za ka iya sayen gishiri da shi a bakin layinku ba, ko wane ne ya tsaya masa, ajiya ce kawai.

Yadda kuɗin ke tafiya, da inda suke maƙalewa

Taransifa iri biyu ce, ko da yake a fuskar waya kamarsu ɗaya. Idan mai turawa da mai karɓa duk kamfani ɗaya suke, kuɗin ba su je ko'ina ba: an rage lissafin wannan an ƙara wa wancan a littafi ɗaya, shi ya sa suke shiga nan take kuma da wuya su maƙale. Idan kuwa daga wani kamfani ne ko banki zuwa wani, sai sun bi ta hannun NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar nan, wadda ta fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Da ka rubuta lambar asusu, manhajarka za ta tambayi ɗaya ɓangaren sunan mai ita, shi ne sunan da ke fitowa kafin ka sa lambar sirri. Daga nan sai a cire kuɗin daga asusunka, a aika saƙo ta cibiyar, bankin mai karɓa ya zuba masa, ya dawo da amsar cewa sun shiga. Wuri uku ke nan da abu zai iya tsayawa: wurin mai turawa, tsakiya, ko wurin mai karɓa. Yawancin “an cire mini amma bai shiga ba” yana faruwa ne idan bankin mai karɓa ya yi jinkirin amsawa har lokacin jira ya ƙare.

Wannan ne ya sa asusun da ya fi yawa a kasuwa yake ƙara yawa. Idan masu shaguna goma a layi ɗaya duk kamfani ɗaya suke amfani da shi, mai saye da ya gaji da tsayuwa zai buɗe irinsa don ya huta. Ka ji yadda ake yi kullum: “Alhaji, na tura.” “To, bai shigo ba tukuna, ɗan dakata.” Mai saye ya nuna fuskar wayarsa, Alhaji ya kau da kai ya ci gaba da sallamar wani. Minti goma a haka, da kaya a hannu da mai adaidaita yana jira, ya isa ya sa mutum ya sauya asusu a daren nan.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke haɗawa alhali daban yake. Alat na saƙon waya ba shi ne kuɗin ba. Saƙo ne da ke biyowa ta kamfanin layi, yana iya makara awa guda alhali kuɗin sun daɗe da shiga, yana kuma iya zuwa alhali babu ko sisi, domin ɗan damfara na iya tsara saƙo mai kama da na banki, ko ya nuna hoton rasit da ya gyara. Abin dubawa shi ne jerin kuɗin da suka shigo a cikin manhaja, da ko jimillar ta ƙaru. A nan na'urorin POS na Moniepoint da OPay suka yi dabara mai kyau: taransifar da aka yi zuwa asusun na'urar tana bayyana a fuskarta, har a buga rasit. Yaron shago zai iya tabbatar da biya ba tare da ya riƙe wayar maigida ba, ba kuma tare da ya iya taɓa kuɗin ba. Kafin wannan, sai an kira Alhaji yana masallaci ko yana Legas a tambaye shi ko ya ga dubu arba'in da biyar. Ina ganin wannan ɗan ƙaramin abu ya fi komai jawo masu shaguna.

Ranar da abu ya maƙale, kada ka sake turawa nan take, domin na farkon na iya shiga daga baya ka zama ka biya sau biyu. Buɗe bayanin taransifar ka ga me ya ce: ta tafi, tana jira, ko ta faɗi. A jikin rasit akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30 wadda ake bin sawun kuɗin da ita. Ita ce abin da ma'aikacin banki zai fara tambaya, ba hoton fuskar waya ba. Idan ta nuna ta tafi, mai karɓa ne zai kai wannan lambar wurin nasa kamfanin. Idan tana jira ko ta faɗi, mai turawa ne zai kai ƙorafi, kuma yawanci kuɗin na dawowa da kansu cikin awa 24. Na kati kuwa, wanda aka saka a POS ya ƙi biya amma aka cire kuɗi, ƙa'idar CBN ta 2020 ta ce a warware cikin awa 72. Ka karɓi rasit ɗin da ya nuna an ƙi, ka ɗauki hotonsa a take, don takardar POS rubutunta gogewa yake cikin 'yan kwanaki idan ya sha zafin aljihu. Idan mako biyu ya wuce ba a yi komai ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN ne mataki na gaba, kuma za su nemi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka. Yadda kamfani ya bi da mutum a irin wannan rana shi ke yanke ko zai zauna. Wanda dubu ashirin ɗinsa ta yi wata guda a sama ba ya yin shiru, sai duk majalisarsu ta ji.

Buɗewa da sauƙi, amma akwai rufi

Abin da ya fara jan mutane shi ne babu layi, babu fom, babu neman wanda zai tsaya maka. A OPay da PalmPay lambar wayarka ce lambar asusunka, a cire sifilin farko kawai, don haka ko wanda bai yi boko ba ya haddace ta. Amma asusun hawa-hawa ne. A tsarin CBN, matakin farko yana da iyakar naira 50,000 a rana, kuma ba ya riƙe fiye da 300,000. Na biyu 200,000 a rana da 500,000 a ajiye. Na uku ne ke kai miliyan 5 a rana ba tare da iyakar ajiya ba, shi kuma sai an tabbatar da adireshinka. Mutane da yawa ba sa sanin wannan sai ranar da aka turo musu kuɗin fili ko na buhunan masara, kuɗin su ƙi shiga ko su shiga su ƙi fita. Wanda ke sa ran kuɗi mai nauyi ya ɗaga matakinsa tun kafin ranar, ba a gaban mai saye ba.

Tun Disambar 2023 CBN ya ce ko matakin farko sai da BVN, lambar tantancewa ta banki, ko NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, manyan matakan kuma sai da duka biyun. A nan ne da yawa daga mutanenmu ke tuntuɓe, ba don rashin lambobin ba, sai don sunayen ba su dace ba. Muhammad a NIN, Mohammed a BVN, Mamman a rajistar layi. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a wuri ɗaya, sunan mahaifi a wani. Ranar haihuwa kuwa an sa 1 ga Janairu a nan, an ƙirƙiro wata a can. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Gyaran kuma yana cin kuɗi da zirga-zirga. Sai hoton fuska: kyamarar ƙaramar waya a ɗaki mai duhu ba ta wucewa, a fito waje inda haske ke dukan fuska, a cire tabarau.

Mata sun fi shan wannan wahalar. Mace na sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko sayar da atamfa ta WhatsApp daga cikin gida, amma layin da ke wayarta da sunan miji ko ƙane aka yi masa rajista, ita kuma ba ta da NIN. Sai ta riƙa ba da lambar asusun wani, kuɗinta na bi ta hannun da ba nata ba. Binciken da EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda jama'a ke hulɗa da bankuna, ta yi a 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47. Wanda ya ɗauki na'urar rajistar NIN ya shiga unguwa da ma'aikaciya mace zai buɗe asusu da yawa fiye da mai raba riguna da huluna a bakin kasuwa.

Caji

Mutanenmu na lissafin caji har sisin kwabo, kuma suna da gaskiya. A banki, bisa ƙa'idar CBN ta 2020, taransifa ƙasa da dubu biyar naira 10 ce, daga nan zuwa dubu hamsin naira 25, sama da haka naira 50, kowanne a ɗora masa harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Idan da lambobin dannawa ka tura, akwai naira 6.98 a kai. Saƙon alat da ake cire naira 4 ya koma naira 6 a 2025. Mai shagon da ke karɓar alat arba'in a rana, naira 240 ke nan kullum a kan saƙo kaɗai, sama da dubu shida a wata. Kamfanonin asusun waya suka shigo da taransifa kyauta ko ta naira goma zuwa ashirin, sanarwar kuma a cikin manhaja take ba a biya. Wannan bambancin ne ya sa mutum ke karɓar albashi a banki, ya kwashe shi zuwa asusun waya a ranar.

Daga Disambar 2024 su ma kamfanonin asusun waya aka sa su cire harajin gwamnati na naira 50 a kan duk kuɗin da ya kai dubu goma. Nan da nan aka ga dabarar tura 9,900 a cika sauran da tsabar kuɗi, da kuma “ka ɗora ɗari na caji” da wasu masu shaguna ke cewa. Wannan ɗarin da ake ɗorawa ba ta cikin kowace ƙa'ida, kuma tana korar masu saye zuwa tsabar kuɗi. Ghana ta gwada abin da ya fi wannan: a Mayun 2022 ta sa harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya, mutane suka ja baya, kuɗin da aka tara bai kai abin da aka yi hasashe ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi gaba ɗaya a 2025.

Inda sarƙar ke tsinkewa

Mai shago yana karɓar taransifa ne idan wanda yake saro kaya a wurinsa zai karɓa. Dila a Singa yana karɓa domin kamfani ma ta banki yake so. Amma bi hatsi daga Dawanau ka koma kasuwar ƙauyen da aka auno shi, ko ka je kara a Wudil ko Maigatari ko Potiskum. Manomin da ya kawo buhu uku da makiyayin da ya kawo bijimi tsabar kuɗi suke so, domin inda za su koma babu sabis, mai aikin gona da mai maganin dabbobi da mai babur duk a hannu ake ba su. A nan darajar asusun waya ta dogara ga abu ɗaya: akwai mai POS kusa, kuma yana da kuɗi a jaka?

Mai POS shi ne reshen bankin talaka, kuma jarinsa biyu ne, tsabar kuɗi a jaka da kuɗi a na'ura. Masu cirewa suna cinye na jaka, masu sakawa suna cinye na na'ura. A birni su biyun suna daidaita juna. A ƙauye ranar kasuwa kowa cirewa yake, kafin azahar jaka ta ƙare, sai ya je ya sayi tsabar kuɗi a gidan mai ko wurin babban ɗan kasuwa, ya ɗora kuɗin sayen a kan caji. Shi ya sa abin da ake cirewa da naira ɗari a cikin gari yake ninkawa a ƙauye. A Disambar 2024 CBN ya ƙayyade cewa mai POS ba zai ba mutum ɗaya fiye da naira 100,000 a rana ba, shi kansa kuma jimillar abin da zai fitar kada ta wuce miliyan 1.2. Kuɗin bijimi guda ya ninka wannan dubu ɗarin sau da yawa. Ta wani ɓangaren kuma, rashin tsaro a hanyoyin Zamfara da Katsina da Sakkwato ya sa falke ya gwammace kada ya ɗauki kuɗi a jiki, wannan ya tura da yawa cikinsu ga waya. Amma a Satumbar 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabta, mai kuɗi a waya ya wayi gari ba shi da na cefane. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara zuba duk abin da ya mallaka wuri ɗaya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

A Jamhuriyar Nijar abin ya bi wata hanya. Akwai Airtel Money da sauransu, amma jama'a sun fi sabawa da gidajen aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana: ka kai kuɗi a hannu a Maraɗi, ɗan'uwanka ya karɓa a hannu a Damagaram. Da waɗannan gidajen suka fito da manhajojinsu, irin su MyNita, mutane sun karɓa da sauƙi, domin sun riga sun san ƙofar da za su buga idan kuɗi ya ɓata.

Tsoro, da abin da ya cancanci a ji tsoronsa

Tambayar da dattawa ke yi ita ce, idan kamfanin ya gudu fa? Ba tambayar banza ba ce ga mutanen da suka ga yadda tsare-tsaren zuba kuɗi na MMM a 2016 da CBEX a 2025 suka rushe da kuɗin jama'a. Amsar ita ce a duba lasisi. Moniepoint da Kuda lasisin ƙaramin banki gare su, OPay da PalmPay na hada-hadar kuɗi ta waya, MoMo da SmartCash na bankin biyan kuɗi. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har miliyan 2 a ƙananan bankuna da bankunan biyan kuɗi, miliyan 5 a manyan bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarori a raba. A Afrilun 2024 da CBN ya dakatar da wasu kamfanonin asusun waya daga ɗaukar sababbin mutane, jita-jita ta cika WhatsApp cewa za a rufe su, wasu suka kwashe kuɗinsu. A watan Yuni aka ɗage dakatarwar. A watan ne kuma aka soke lasisin Heritage, wanda cikakken banki ne mai rassa da gine-gine.

Asarar da ta fi yawa ba daga faɗuwar kamfani take zuwa ba, daga waya take zuwa. Wani zai kira da murya mai ladabi ya ce daga ofis ne, za a rufe asusunka ko an zaɓe ka a tallafi, ka karanto lambar da ta shigo yanzu. Wannan lambar ita ce makullin. Ɓarawon waya kuma ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so: ya zare shi ya sa a wata waya, ya danna *565*0# ya ga BVN, ya shiga gwada lambobin sirri irin su 1234 da shekarar haihuwa. Maganin wannan kyauta ne amma kaɗan ke yi: a sa wa layin kansa lambar sirri a saitin waya, ta yadda ba zai buɗe a wata wayar ba. A yi hattara, kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK da ke jikin kwalin layin. Ranar da waya ta ɓata, asusu ake fara rufewa ta wayar wani, sannan layi, sannan a yi jimamin waya. Haka nan layin da aka yi watanni ba a amfani da shi, kamfani na iya sayar da shi ga wani, alhali asusunka na jingine da shi.

Akwai kuma asusun da ake wayar gari an daskarar. Galibi kuɗin da aka yi ƙorafi a kansu ne suka ratso ta cikinsa, ko dai ta cinikin kirifto tsakanin mutum da mutum, ko ta “ara mini asusunka a turo mini kuɗi”. Mai POS da ke karɓar taransifa daga baƙo ya ba shi tsabar kuɗi ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ya duba sunan mai turawa ya dace da katin shaidar wanda ke gabansa, ya rubuta a littafi.

Batun kuɗin ruwa kamfanonin ba su cika fahimtarsa ba. Wasu manhajojin suna da aljihun ajiya da ke ƙara 'yan nairori kullum, irin OWealth a OPay da CashBox a PalmPay, kuma da shi suke talla. A Kano da Sakkwato wannan tallan korar wasu yake yi. Mai gudun riba ya shiga saitin ya tabbatar ba a kunna masa juya kuɗi zuwa wannan aljihu kai tsaye ba, ya kuma bar maɓallan bashi da ke leƙowa a fuskar farko. Bankunan Musulunci, Jaiz tun 2012 da TAJ tun 2019, sun nuna akwai kasuwar masu son ajiya ba ruwa. Har yanzu asusun waya bai yi musu tanadin da ya kai ba.

Sai masu ƙaramar waya da waɗanda ba sa karanta boko. Akwai lambobin dannawa, *955# na OPay, *671# na MoMo, *939# na SmartCash, ba sa buƙatar data. Amma jerin zaɓin da Turanci yake, kuma yana yankewa idan ka yi jinkiri, mai haɗa baƙi a hankali kafin ya kai ƙarshe an rufe. Abin da ke faruwa shi ne tsoho ya miƙa wa mai POS ko jikansa kati ya faɗi lambar sirri da baki. A takarda an ƙirga shi cikin masu asusu, a zahiri wani ne ke riƙe da shi.

Wani abu da ba a cika tadawa ba shi ne mutuwa. Kuɗin da ke asusun waya dukiyar gado ce kamar kowace, amma ba ta da littafi ko takarda a ƙarƙashin katifa da za ta nuna tana nan. Mutum na iya rasuwa da asusu uku iyalinsa ba su san ko ɗaya ba, ko kuma wanda ya san lambar sirri ya kwashe kafin a yi sadakar uku. Hanyar da ta dace ita ce magada su riƙe layin mamacin kada ya mutu, su sanar da kamfanin a rufe asusun, su kai takardar shaidar rasuwa da takardar kotun da ke rabon gadon, kamfanin ya fitar da kuɗin bisa umarninta. Da BVN ɗinsa kotu na iya neman a binciko sauran asusun da ke jingine da ita. Mai shagon da ke barin cinikin mako a waya ya rubuta sunayen kamfanonin da lambobin asusun a littafin bashinsa, ban da lambar sirri, ya kuma gaya wa mutum biyu inda littafin yake.